Kanwa a Gindin Bishiyar Kirsimeti

Ranar Asabar ta biyu a watan Disamba, shekarar da na cika sha ɗaya, ina kwance rub da ciki a kan kafet ɗin falonmu a University Heights, wata unguwa a yankin Bronx na Amurka, kaina a ƙarƙashin bishiyar Kirsimeti, ina murɗa notin da ke riƙe gindinta. Ƙaro ya manne mini a yatsu, ganyen nan nata sirara masu tsini suna zubo mini a wuya. Daga inda nake ba na ganin komai sai ƙafafu. Can na ga ƙafafun ƙanena Dani sun bar ƙasa. Baba ne ya ɗaga shi ya ɗora a wuya, Mama ta miƙa masa tauraron da ake kafawa a ƙololuwa, ta ja da baya da kyamara. Baba ya ce, "Bulus, riƙe ta da kyau, kada ta karkace." Na riƙe. A hoton da aka wanko akwai Baba, akwai Dani, akwai tauraro. Idan ka duba ƙasa sosai za ka ga tafin ƙafa guda ya leƙo daga cikin ganye. Wannan ƙafar tawa ce.

Wata huɗu ke nan da zuwana Amurka a lokacin. Iyayena sun bar ni wajen Kaka a ƙauyenmu da ke bayan Saminaka ina ɗan shekara uku, wai za su je su gyara wuri su aiko a ɗauke ni. Gyaran wurin ya ci shekara takwas, kuma a cikin gyaran ne aka haifi Dani. Ni na tashi da kiwon awaki da ɗibar ruwa a rafi da korar birai daga gonar masara. Na iya ɗaure dami tun hannuna bai gama zagaye shi ba. Kirsimetin da na sani shi ne a yanka akuya, a dafa shinkafa a babbar tukunya, mu sa sabuwar riga mai ƙamshin kanti, mu bi gida gida da ganga muna karɓar cincin. Adon da ake yi a bakin coci ake yinsa, da ganyen giginya da balan-balan. Ban taɓa ganin an sare itace an shigo da shi ɗaki an yi masa kwalliya ba. A wajenmu itacen da aka sare sunansa makamashi.

A makaranta aka mayar da ni aji biyu baya saboda Turanci. Na fi kowa tsawo, na fi kowa shiru. Idan an fita filin wasa, wanda ba fili ba ne, siminti ne da shingen waya, yara suna jefa ƙwallo a kwando, ni ina jingine da bango hannu a aljihu, ina tunanin yadda nake kayar da kowa a langa. Ba wanda ya san langa a Bronx. A gida kuma ga Dani, yaron da na girme da shekara biyar, yana kirana Bulus gatsal, ba ko Yaya. Yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa, su kuma su yi dariya su ce, "Ba'amurke ke nan." Da aka buɗe kwalin kayan adon bishiya na ga abin da ya fi ƙona mini rai. Ban da ƙwallaye masu ƙyalli da ƙananan fitilu, akwai tarkacen da Dani ya yi a makaranta tun yana nazare: tafin hannunsa a jikin takarda, hotonsa a cikin murfin kwalba, wata barewa da aka haɗa da tsinken alawa. Mama ta ɗauki kowanne kamar ƙwai, ta faɗi shekarar da ya yi shi. Bishiyar nan tun daga ƙasa har sama tarihin Dani ce. Ni ban da ko zare a jikinta.

Aikina shi ne ɗauko ta. Baba direban tasi ne, amma ba ya yarda a sa bishiya a motarsa, wai ƙaro zai ɓata kujera. Saboda haka da ƙafa muke zuwa wajen masu sayarwa a bakin babban titi, mu biyu kawai, don Dani ba ya jure sanyi. Baba ya kama gindi, ni na kama kai, mu taho muna hutawa a kowace kwana. A wannan tafiyar ce kaɗai yake yi mini doguwar magana, kuma da Hausa zalla. "Tsamiyar bakin rafi tana nan?" Na ce tana nan. "Wa ke noma fadamar babana yanzu?" Na faɗa masa. Ya tambayi wanda ya mutu da wanda ya yi aure, ya tambayi ko har yanzu kuraye na kuka a bayan dutse. Da muka hau da ita hawa na biyar, don gidan ba lif, sai matakala, ya tsaya yana haki ya ce, "Kai ne manomin gidan nan, shayar da ita a hannunka yake." A kunnena na lokacin, abin da na ji shi ne kai ne ɗan aikin gidan nan. Kullum da safe kafin makaranta na rarrafa na zuba mata ruwa a kwanon ƙarfen da take tsaye a ciki, na share ganyen da ya zuba. Bayan sabuwar shekara ni na ja gawarta zuwa bakin titi.

Akwai wani abu game da Baba da ban iya faɗinsa ba a lokacin. Bai taɓa yi mini tsawa ba. Idan Dani ya fasa kofi, Baba zai murɗe masa kunne har ya yi ƙara, bayan minti goma kuma ka gan su a kujera ɗaya suna kallon talabijin, kan Dani a cinyarsa. Idan ni na fasa, sai ya ce, "Ba komai, Bulus, a share." Yana ce mini sannu. Yana ce mini na gode. Haka yake yi wa fasto idan ya zo gidanmu.

Da Disamba ta biyu ta zagayo na shirya. A ƙauye ni ne gwanin motar kara a unguwarmu, har da tayoyin da ke juyawa. Nan babu kara, sai na samu wayar rataye riga da murafun gwangwani, na zauna bayan makaranta kusan mako guda na ƙera tauraro mai tsini biyar, na goge shi da soson ƙarfe har yana ɗaukar ido. Ranar ado, bayan mun hau da bishiyar na ɗaure mata noti, na fito da shi daga ƙarƙashin katifa na ce, "Baba, bana ni zan sa na sama." Dani ya riga ya ɗaga hannuwa yana jira a ɗauke shi. Baba ya karɓi taurarona ya juya shi, ya ce, "Kai, ka iya aiki." Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Amma ai ka fi ƙarfin wuyana yanzu. Bar wa ƙanenka." Mama ta taɓa bakin gwangwanin ta ce zai yanki yaro. Aka rataye shi a baya, ɓangaren da ke kallon bango, kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Na koma ƙasa na riƙe gindi.

Na fi ƙarfin wuyansa. To da ban fi ƙarfinsa ba ina yake? Wannan tambayar ce ta yi ta ci na har Litinin.

A ƙauye na taɓa ganin yadda kawuna ya kashe wani itacen dogon yaro da saiwarsa ke fasa katangar gidanmu. Bai sare shi ba. Sassaƙe ɓawon ya yi a gindi, ya cusa gishiri da kanwa, ya bar shi. Bayan 'yan makonni itacen ya bushe a tsaye. Ranar Litinin da rana, Mama tana wajen aikinta na kula da tsofaffi, Baba yana kan titi, Dani yana gaban talabijin, na shiga kicin. Mama tana da kanwa a wani gwangwanin madara a can saman kabad, wadda wata 'yar cocinmu ta kawo mata daga gida, ba ta taɓa ta sai za ta yi miyar kuka. Na ɗebi dunƙule biyu na daka da gindin kofi, na haɗa da gishiri cikin tafi, na dama a ruwan zafi. Na rarrafa ƙarƙashin bishiyar da wuƙar yanka albasa na kankare ɓawon, na juye. Dani ya waiwayo ya tambaye ni da Turanci me nake yi. Na ce aikina nake yi. Na maimaita ranar Laraba, na ƙara ranar Juma'a.

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Kwana biyar ganyen ya fara dusashewa, ƙamshin nan nata ya koma wani wari kamar na tsohon tsumma. Rassan suka sunkuya, ƙwallayen suka fara zamewa suna faɗuwa. Ko tari ka yi kusa da ita sai ganye ya zubo. Ana saura kwana uku Kirsimeti ta zama kamar kazar da aka fige, hotunan Dani suna reto a jikin tsirarun rassa. Mama ta ce ba za a ƙara kunna fitilun ba, kada gobara ta tashi. Dani ya yi kuka har da majina, ya ce wai tsohon nan da ake gaya wa yara yana rabon kyauta a daren Kirsimeti ba zai shigo gidan da bishiyarsa ta mutu ba. Ni ina share ganye ina cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini.

Ranar jajibiri da rana Baba ya durƙusa da kansa ya kwance notin. Ya ciro bishiyar, ya daɗe yana kallon gindin da aka kankare, ya kalli farin abin da ya daskare a bakin kwanon. Na tsaya a bayansa da tsintsiya, jikina ya riga ya shirya. A ƙauye na san abin da ke biyo bayan irin wannan, kuma Allah ya sani a shirye nake na karɓa. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Zafin hita ne. Gidajen nan ba su da iska." Ya dube ni ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Bulus." Shi kaɗai ya sauka da ita.

Bayan sabuwar shekara Baba ya shigo da wani dogon kwali. Bishiyar roba ce, mai rassa da ake sokawa a rami, kowanne da lambarsa. Ba ta shan ruwa, ba ta zubar da ganye, ba a zuwa ko'ina a ɗauko ta, daga saman kabad take saukowa. Dani ya fi kowa iya karanta lambobin, don haka shi da Baba suke haɗa ta, ni ina zaune. Ba mu ƙara yin wata tafiya mu biyu ba. Na kai aji goma na bar makaranta, na shiga ɗaukar kaya a manyan motoci, har yau kuma abin da nake yi ke nan, sai dai yanzu bayana ya fara ba ni labari. Dani ya zama mai haɗa magunguna, yana da gida da fili a wajen gari. Kowace shekara yana turo mini hoton 'ya'yansa a gaban wata ƙatuwar bishiya, da Turanci a ƙasa wai suna gaida kawunsu. Yaron kirki ne, bai taɓa yi mini komai ba. Wannan ma yana ba ni haushi.

Baba ya rasu shekara shida da suka wuce. Bara na je wajen Mama a unguwar Parkchester, inda take zaune yanzu, na same ta tana kaɗa miyar kuka. Ban shirya faɗa ba, maganar ce ta fito da kanta. Na ce, "Mama, bishiyar nan da ta bushe, ni na kashe ta."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kanwata dunƙule shida. Ka ɗauka ban iya ƙirga ba?"

"Baba fa?"

"Shi ya fara sani. Na ɗauko muciya zan fasa maka kai, ya riƙe hannuna. Ya ce yaron da muka bari shekara takwas, da wane hannu za mu dake shi?"

Ta ce wai kunyata yake ji, har ya mutu bai daina ba. Ta faɗe shi kamar wadda ta ba ni kyauta, ta zuba mini tuwo.

Na ci tuwon, don da daɗi. Amma a jirgin ƙasa ina komawa ɗakina na yi ta juya maganar, ban ga inda ta yi mini amfani ba. Yanzu ina da shekarun da Baba yake da su a lokacin, ba mata, ba ɗa, ba bishiya, kuma idan Disamba ta zo ina wuce masu sayar da ita ba na ko juyawa. Da ina yaro na ɗauka wuyan Baba nake yi wa Dani hassada, da tauraro, da hoto. Waɗannan duk na yafe masa. Abin da na kasa yafewa shi ne jan kunnen nan da yake sha, ya yi kuka, a gama, a manta. Ni nawa laifin an ajiye mini shi da ladabi shekara talatin da wani abu. Da ma ranar nan Mama ta fi shi ƙarfin hannu.