A-kori-kurar Baba da Sabon Injinta a Hanyar Auyo

Sallar asuba kawai muka idar muka kama hanya, ni da abokina bakanike, ko masu shayin Haɗeja ba su gama hura wuta ba. Masu bibiyata a nan sun san labarin a-kori-kurar da na gada a wurin mahaifina, Allah Ya ji ƙansa. Ga wanda bai sani ba, tsohuwar mota ce da ta girmi 'ya'yana duka. Bara injinta na fetur ya buga, kowa ya ce in miƙa ta ga 'yan gwangwan in huta. Na ƙi. Muka samo injin dizal ɗan Beljiyam daga Kano, wanda aka ciro daga wata motar zamani, muka ɗora mata.

Irin wannan injin ba ya zuwa shi kaɗai. Yana zuwa da ƙwaƙwalwarsa, wani ɗan akwatin ƙarfe mai faɗin faranti, da wayoyi jingim kamar saiwar bishiya. Ita ke auna mai da iska da zafi, in ta tsaya injin ya tsaya. Abokina ya rasa inda zai maƙala ta, a ƙarshe ya ɗaure ta a ƙasa, daidai inda fasinja ke ajiye ƙafa. Muka kuma liƙa wani ɗan allo a dashbod don mu riƙa ganin abin da take faɗa.

Niyyarmu mu gwada motar a hankali, a cikin gari, har mu saba da halinta. Sai aka kira ni daga ƙauyen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da ke can bayan Auyo. Aka ce ruwa na tafe, mutane sun fara fita, ita kuwa ta zauna a kan buhunan shinkafarta ta ce ba inda za ta ba tare da su ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna nesa. Masu manyan motoci sun daina shiga hanyar. Ga shi kuma tun da aka ɗora injin, motar ba ta taɓa fita daga Haɗeja ba.

Tun daga bakin gari na ji bambanci. Sabon injin ya fi tsohon nauyi, hancin motar ya sunkuya, sitiyari ya yi tauri. Ƙararsa kuwa kamar injin niƙa, duk wanda muka wuce sai ya waiwayo. Ba mu yi nisa ba jar fitila ta kama a kan allo, rubutu ya fito da wani yaren Turai da babu wanda ya iya a cikinmu. Na taka birki. Abokina ya ce in ci gaba, wai ƙwaƙwalwar cigiyar tsohuwar motarta take yi, tana neman ƙofofi huɗu da na'urar sanyi ba ta gan su ba. Na tambaye shi, to in matsalar gaske ce fa, ta yaya za mu bambance? Ya juya yana kallon taga. Da ma ban tambaya ba.

Kogin ya cika ya batse, ruwan ja-ja-wur, yana tafe da ciyayi da karare. Dama da hagun titi babu abin da kake gani sai ruwa da kachalla, wannan doguwar ciyawar da ta toshe mana magudanai, sai kuma kawunan shinkafa da suka leƙo sama. Na ga mutane a cikin kwale-kwale suna sunkuyawa suna yanke ta da lauje, wadda ta nuna da wadda ba ta gama nuna ba.

A Auyo muka tsaya karin kumallo. Ƙosai da kunun tsamiya muka samu, da soyayyar tarwaɗa mai zafi. Kifi ya yi araha, ruwa ya kawo shi har bakin ƙofa, amma kuɗin acaɓa da na kwale-kwale sun ninka. Gefen kwalta an kafa rumfunan tamfol, ga katifu, ga tukwane, ga awaki a ɗaure a jikin tayoyi. Abokina ya cinye nasa har ya ƙara, ni kuwa ko ƙosai ɗaya ban gama ba. Wani dattijo da ya fito daga wajen ƙauyen ya ce mana wuri guda ne ruwa ya hau hanya, da ya wuto iya ƙwauri ne, amma yana ƙaruwa. Ya dubi motar, ya dube mu, ya ce in za mu shiga mu shiga yanzu.

Muka sauka daga kwalta. Hanyar burji ce a gefen jinga, wato tudun ƙasar da aka yi don tare kogi. Maza na kan jingar suna jera buhunan yashi, wasu ba ko riga, laka har wuya. A nan na fara ganin amfanin dizal: duk inda tsohon injin zai yi ta gurnani yana juya taya a wuri ɗaya, wannan sai ya ja a hankali ya fice. Da muka iso inda dattijon ya faɗa, ruwan ya kai rabin taya. Akwai wani kututturen giginya a gefe, kansa a waje. Na sa giya ta ɗaya, na yi bisimilla, muka haye. Abokina ya tafa mini a kafaɗa.

Mun sami Gwaggo kamar yadda aka faɗa, a kan buhunanta, da carbi a hannu. Babana take kirana, don sunan mahaifinta na ci. Bayan gaisuwa ba ta tambayi hanya ba, motar ta zagaya tana dubawa, ta ce, "Jikin na Yaya ne, amma muryar ba tasa ba ce." Ruwa ya riga ya shigo bayan gidan, katangar makewayi ta zube. Maƙwabta suka taya mu lodi. Shinkafar jiƙaƙƙiya ce, kowane buhu sai mutum biyu. Aka cika bayan motar, aka ɗora akwatinta da tukwane a sama.

Na shiga na murɗa makulli. Shiru. Na sake murɗawa. Ko allon bai kawo wuta ba.

Mutane sun tsaya suna kallona, ina jin ƙarar ruwa a bayan gida. Abokina ya kwanta a wurin ƙafar fasinja, ya cusa kai ƙarƙashin dashbod, yana lalube yana huci. Ya daɗe. Ya ciro fiyus ya mayar, ya taɓa kan batir, babu. A ƙarshe ya gano gargadar hanya ce ta sassauta babban soket ɗin ƙwaƙwalwar. Ya danna shi, allo ya kawo, inji ya tashi. Amma da ya ɗago fuskarsa babu murna. Ya nuna mini hannun rigarsa a jiƙe. Ashe a hayewar farko ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa, saura kaɗan ya taɓa akwatin.

Muna cikin wannan sai ga wata maƙwabciyar Gwaggo ta fito, mai jego, da jaririya a hannu ko suna ba a yi ba, tana jan surukarta, tsohuwa da ba ta gani sosai. Mijinta na kan jinga. Kwale-kwalen da ya yi musu alkawari ya cika ya tafi. Ba ta roƙe mu ba, tsayawa kawai ta yi tana kallon bayan motar da babu wurin sa ƙafa. Ni kuwa na san wahalar da Gwaggo ta sha a kan shinkafar nan tun daga shuka.

Gwaggo ta dube su, ta dubi lodin.

"Babana, a sauke."

"Gwaggo, nawa za a sauke?"

"A sauke har sai sun zauna sun miƙe ƙafa. Wancan mai jan zare a baki kada a taɓa shi, iri ne."

Aka sauke fiye da rabi, aka jera a kan dakalin masallaci, wurin da ya fi ko'ina tudu, aka rufe da tamfol. Aka shimfiɗa tabarma a bayan motar, mai jego da surukarta suka zauna a tsakanin sauran buhunan.

Shi kuma abokina ya kwance ƙwaƙwalwar daga ƙasa. Wayoyinta ba su da tsawo, iyakarsu ƙirjin wanda ke zaune. Ya naɗe ta a leda, ya ari bututun injin ban-ruwa ya haɗa da inda injin ke shaƙar iska, ya ɗaure bakinsa a saman gilashi da tsumma. Motar ta koma kamar giwa. Sannan ya durƙusa a gaban Gwaggo, wadda ta riga ta zauna a kujerar gaba, ya ɗora mata akwatin a cinya.

"Gwaggo, wannan ita ce ran motar. In ruwa ya shigo ki ɗaga ta sama. Ko me za a yi, kada ki sake ta, kada kuma ki ja wayar."

"In ruwan ya taɓa ta fa?"

"A nan za mu tsaya."

Ta gyara zama, ta sa carbinta a wuya, ta rungume akwatin.

Da muka dawo mahayar, kututturen giginyar ya ɓace. Ruwa kawai, yana gudu daga hagu zuwa dama. Abokina ya sauka ya shiga da sanda, ruwan ya kai masa cinya. Ya yi gaba yana lalube gefen hanya, yana yi mini alama da hannu. Na tuna abin da ya ce: giya ta ɗaya, kada in ɗaga ƙafa, kada in ƙara wuta. Na shiga.

Sanyin ruwan na fara ji a idon sawu. Ya shigo ta ƙofofin biyu, ya rufe birki da kuloci, takalmin Gwaggo ya taso yana yawo. Ya kai ƙwaurina. Ya fara lasar bakin kujera. Gwaggo ta ɗaga akwatin zuwa ƙirji, sannan zuwa haɓa, wayoyin sun miƙe tsaf, bakinta na motsi da salati. Salansar motar na ta ɓulɓula a ƙarƙashin ruwa. Muna tsakiya sai na ji bayan motar ya zame gefe, tayar dama ta faɗa wani rami, muka tsaya cak. Jaririyar ta tsala kuka. Ban ɗaga ƙafa daga totur ba, injin bai mutu ba. Jar fitilar nan na ta walƙiya, ban ko kalle ta ba.

Mazan da ke kan jinga ne suka hango mu. Suka yar da buhunan yashi suka faɗo ruwa, har da mijin mai jegon, wanda sai a lokacin ya san iyalinsa na ciki. Suka sa kafaɗa, wani na ba da baki, sauran na amsawa. Motar ta yi gaba ta dawo, ta yi gaba ta dawo, sannan na ji tayar ta kama ƙasa. Muka fito ruwa na zuba daga ƙofofi kamar an fasa randa. Mutumin ya leƙa bayan motar, ya taɓa kan 'yarsa da jiƙaƙƙen hannu, ya yi wa mahaifiyarsa magana, ya juya ya koma kan jinga da gudu.

Na ce wa Gwaggo ta sauke hannu haka, mun haye. Ta ƙi. A haka ta riƙe akwatin har kwalta. A Auyo muka sauke mai jego da surukarta a gidan 'yan uwansu, aka kawo mana fura, a nan ne na san ina jin yunwa. Daga can zuwa Haɗeja a hankali na tuƙa, wando a jiƙe, Gwaggo na gyangyaɗi da ƙwaƙwalwar mota a cinya, abokina a baya a kan buhu yana shan iska. Ana kiran la'asar muka shigo gida.

Washegari aka kira aka ce hanyar ta yanke gaba ɗaya, sai kwale-kwale. Jingar ta tsaya, ba ta ɓalle ba, amma ruwan ya zagayo ta baya ya hau dakalin masallaci, buhunan da ke ƙasa sun tafi. Na daɗe a zaure ina tunanin yadda zan faɗa wa Gwaggo.

Ga masu tambayata ko su ma su yi irin wannan canjin inji, abin da zan ce shi ne: dizal na da ƙarfi, ba ya shan mai kamar na da, kuma ya fitar da mu. Amma ku sa ƙwaƙwalwar a sama, ku ƙara tsawon waya, ku ɗaure kowane soket, ku gwada motar tun ba ranar da ran wani ya rataya a kanta ba. Ku kuma sani, duk ƙarfin injin, da mutanen nan ba su sauko daga jinga ba, da can muka tsaya.

Da na shiga ciki na sami Gwaggo ta baza irin shinkafarta a tabarma tana juya shi da hannu. Na durƙusa na faɗa mata labarin buhunan. Ta ci gaba da juyawa, har na zaci ba ta ji ba. Can ta ɗago ta ce, "Kira mini Auyo, Babana. Ka ji ko jaririyar nan ta kama nono."