Murhun da Inna Ta Ajiye Mini

Shekarun baya, lokacin da nake karatu a Doha, kewar gida ta yi mini kamun kazar kuku. Ina zaune a unguwar Bin Mahmud, har garin semo ina samu a kantin Ba'indiyen da ke ƙasan benenmu, amma duk tuwon da na tuƙa sai in ji shi lami. Wata abokiyar karatuna 'yar Wales ta ce su har suna suka raɗa wa wannan ciwo, begen gidan da ko ka koma ba lallai ka tarar da shi ba. Na ce mata ni dai nawa gidan yana nan daram.

Duk Juma'a in na kira mahaifiyata, waƙar ɗaya ce: "Wallahi Inna, tuwonki na murhu nake mafarki. Na gas ba ya ƙamshi." Sai ta yi dariya ta ce, "Murhunki na nan yana jiranki." Har cewa nake ta juya wayar in ga duwatsun.

Rannan yayana ya kira, ko gaisuwar kirki babu.

"Ke, me kike faɗa wa Inna ne?"

Ashe likita ya daɗe da hana ta zama cikin hayaƙi saboda idonta. Yaya ya sayo mata tukunyar gas, ta sa aka tura ta kuryar ɗaki. Wai in aka rushe murhu, autarta za ta dawo ta ga gidan ya zama wani iri.

"Kina kwance cikin sanyin esi kina begen hayaƙi," in ji shi, "ita kuwa idonta na ta zubar da ruwa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da ko a gidan ban iya hura wuta ba, sai dai in miƙe ƙafa a tabarma in jira a kwashe.

Nan take na kira ta. "Inna, don girman Allah ki koma gas ɗin. Ni fa surutu ne kawai."

Ta ce, "To. Ni dai na ga murhun kaɗai kike tambaya in kin kira."

Tuni aka rushe murhun, idon ma ya yi sauƙi, alhamdulillahi. Amma har yau in na tuna maganar nan sai na sunkuyar da kai don kunya. Wata da watanni ina kukan kewar gida, ban taɓa cewa, "Inna, ke ya jikin naki?" ba.