Ɗorawar Inna a Cikin Katanga

A ƙauyenmu na gefen Challawa, gona daban take, bishiyar da ke cikinta daban. Gonar da muke nomawa ta kawuna ce, amma ɗorawar da ke tsakiyarta ta Inna ce, mahaifiyata, gado daga uwarta. Da kalwarta take daddawa, kuma ko kawu bai isa ya tsinki kwanso ɗaya ba sai da izininta.

Da aka yanka filayen aka ba masu masana'antu, dawa da gyaɗa suka tafi, tsamiyoyi da kukoki suka bi su. Ɗorawar ta tsira a cikin katangar wani kamfanin fata. Nan na samu aikin lebura, Inna kuwa ta ɗauka gadin bishiyarta aka ɗauke ni. Duk bazara ni ke kakkaɓo mata.

Wata safiya na shiga aiki na tarar da sarari. Wallahi sai da na koma bakin ƙofa na duba ko kamfanin na ɓata. Wai wurin ajiye manyan motoci ake so. Bishiyar da ta girmi kakata, kafin gari ya waye an gama da ita!

Na kasa faɗa wa Inna. Tsoro ne, ba wani abu ba. Bazara biyu ina sayen kalwa a kasuwa ina kai mata.

A ta uku, ina cikin jan fatu aka ce ana nemana. Ga Inna a ƙofa da kwandon taki a ka, tana yi wa Buzu maigadi bayani.

"Ƙwayar ta ƙanƙance," ta ce da ni. "Bishiyar nan yunwa take ji, kai kuma ba ka da lura."

Ba ta jira jagora ba. Ta miƙe kai tsaye, ta ratsa tsakanin motoci, ta tsaya a kan siminti daidai gurbin. Ta daɗe tana kallon sama.

"Yaushe?"

"Inna, ku yi haƙuri. Shekara biyu ke nan."

Ta sauke kwandon a hankali.

"Ko itacen ba su ba ka ba?"

Alhali kuwa sun ba ni. Amalanke guda na kai gida a ranar, na ce mata kyauta ce daga wurin aiki. Da shi ta dafa kalwar kasuwar, tana sa musu albarka.