Dattijo Mai Jita a Shagon Gyara

Ni ba ma'abociyar kiɗa ba ce, rediyon marigayi maigidana na kawo gyara. Amma idona ya ƙi barin dattijon da ke kan benci. Kansa duk furfura, wuyan rigarsa ya zare, amma ta sha guga. Jita ce a cinyarsa, an jona ta da wani akwatin ƙarfe da aka gama gyara masa. In ya taka akwatin, sai jitar ta yi kukan sarewa, can kuma ta koma kamar iska a bututu.

"Baba, waƙar nan taka ba ta ƙarewa ne?" in ji mai gyara.

"Irin kiɗanmu na rok ke nan, ɗana, daki-daki ake gina shi. Bari in kai inda akwatin ke shaƙewa, in ji ko ya warke."

Yana kaɗawa yana waiwayen hagunsa, kamar mai ba wani dama ya shigo. Babu kowa a wurin. Na san irin wannan waiwayen. Ina zaton abokan kiɗansa sun riga shi gidan gaskiya.

Mai gyara ya zare filogin, ya jona cajarsa. Ko sannu babu, ga sa'an ubansa.

 Yatsun dattijon suka ci gaba da kaɗawa, ba sauti sai ƙis-ƙis, har ya kai ƙarshe, ya gyaɗa wa hagunsa kai.

Na naɗe rediyona a mayafi na fita. Wannan hannun ba zai taɓa kayan marigayi ba.