Faifan da Dzarma Ya Wanke

Dzarma mai gyaran kwamfuta a Bolori gwani ne, ko maƙiyansa ba sa musu, kuma maƙiyan nan suna da yawa. In ka kawo masa na'ura sai ya wanke ka tas kafin ya taɓa ta. Daga Askira suka gudo lokacin tashin hankali, shi da yayarsa Rebeka da ƙanensu Obadiah. Da ƙyar ya koyi sana'ar a shagunan mutane, ya fito da baƙin hali guda: tambaya a wurinsa ƙasƙanci ce.

Shi da Obadiah ba sa ga maciji, wai don yaron ya taɓa kai gyara wurin wani. Ko a ɗaki ɗaya suke, ta bakin Rebeka magana take bi. Abin haushi, manya da su.

Obadiah bidiyon biki yake ɗauka. Kwamfutarsa faifan ajiya biyu gare ta: ɗaya na tafiyar da ita, ɗaya na aiki, kuma a wannan na biyun ne kaɗai muryar marigayiya mahaifiyarsu take, tana waƙar niƙa da yarensu na Margi. Da faifan aikin ya cika, ya sayo na uku na gwanjo, ya ɗaure a ciki, amma ya rasa wayar jona shi. Rebeka ta lallaɓo Dzarma ya zo ya saita.

Dzarma ya shigo ba gaisuwa, ya kunna. Faifai biyu ya gani a allo. Tunda an ce masa na gwanjo ne, ya ɗauka na biyun shi ne baƙon, cike da tarkacen tsohon mai shi.

"Yaya Rebeka, ce masa ya buɗe murfin tukuna," in ji Obadiah daga bakin ƙofa. Bai faɗi dalili ba, so yake a tambaye shi.

Ran Dzarma ya ɓaci. "Ce masa ba ɗan bidiyo ne zai koya mini aiki ba."

Ya zaɓi fomat, ba ma na gaggawa ba, dogon nan mai share komai har ƙasa, don a san shi ba ya aikin ha'inci. Gargaɗi ya fito, ya danna bai karanta ba. Ya harɗe hannu yana kallon rufi.

Sai da aikin ya yi nisa Obadiah ya leƙo ya ga sunan faifan, ashe na aikinsa ne. Ya fizge wayar wuta, ya ɓalle murfin: ga na gwanjon nan zaune, ba a jone ba.

Duk da haka bakin Dzarma bai mutu ba. "Wane sakarai ne ke ɗaure faifai bai jona ba?"

Suka kaure da zagi, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Rebeka ba ta raba su ba. Ta zauna a kan benci tana jan waƙar mahaifiyarsu a hankali. Baitin farko ya zo, na biyu ta nema ta rasa.