Maganar da Ke Tsakiyar Waƙar Kaka

Kakata Dije, mahaifiyar babana, ba ta da daɗin murya in tana magana. Murya ce mai kaushi, ta macen da ta tsufa tana shaƙar hayaƙin bandar kifi. Amma in ta ɗauki waƙa sai ka rantse wata ce daban ta shigo gidan. Wannan bambanci shi ya cuce ni, ko in ce ni na cuci kaina da shi.

An haife ni shekarar da aka samu 'yancin kai, a wani gungu, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara, ƙasa da Yelwa. Mutanenmu albasa suke nomawa a bakin ruwa, maza su kama kifi, mata su yi banda. Da an sallame magariba Kaka takan zauna gaban murhun bandarta tana juya kifi a kan ragar ƙarfe, mu jikokinta huɗu mu kewaye ta. Ba zan yi ƙarya ba, rabin abin da ke kawo mu tatsuniya ce, rabi kuwa kifin ne.

Tana da nata buɗin tatsuniya. Takan ce, "Ga wata nan tahe cikin jirgi." Mu ce, "Ta iso gaci lafiya." Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai guda da ba ta yin kwana uku ba ta maimaita ba, ita ce ta Kande 'yar masunci.

Wai mahaifin Kande ya bi wani babban kifi har ya shige cikin rassan kogi, inda gungu ke kama da gungu, ya rasa hanyar gida. Kullum da yamma Kande ta hura wuta a gaci, bakin ruwa, ta yi ta rera masa waƙa:

Baba na ruwa, Baba na ruwa,
wuta na gaci, tuwo ya huce,
juyo da jirgi, Baba, juyo.

Mu kuma mu amsa, "Juyo, juyo," muna tafi. Daɗin waƙar ya sa kifaye suka taru, kadoji suka fito suka kwanta a rairayi, amma uban bai dawo ba. Rana ta bakwai wata tsohuwar dorina ta ɗago kai ta ce mata, kuma a nan Kaka takan ƙara wa muryarta kauri, "Ke ɗiyag ga, waƙakki ta isa inda ubanki shike. Shina jin ta, shina kuka. Amma ruwa na ɗaukar waƙa shi watsa ta ko'ina, bai san ta inda ta hito ba. Ki tsaya tsakiya ki yi mai magana kamar mutum, ki gaya mai hanya."

Sai Kande ta sake ɗaukar waƙar, ta kai tsakiya, ta tsaya, ta faɗi hanyar filla-filla da bakin magana, sannan ta koma rerawa. Kafin wutar ta mutu sai ga hancin jirgin ubanta ya taɓa gaci. Kaka ta ce, "Na ɗaure jirgina," mu watse.

Waƙa mai magana a tsakiya ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Matuƙa jirgi suna yi, makaɗan biki ma sukan sassauta kiɗa su gaisa da jama'a su koma. Abin da ya bambanta ta Kaka shi ne hanyar da Kande ke faɗa ba ta tatsuniya ba ce. Hanyar gungunmu ce ta gaske, tun daga mashigar kasuwar Yelwa, dutse bayan dutse, kwana bayan kwana, wasu sunayen da Hausa wasu da Gunganci, har ta kawo ka gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu. A gindin tsamiyar nan aka binne mijinta, kakana Mamman, da 'ya'yanta uku da suka rasu suna goye.

In ta zo wurin maganar takan rufe ido, don ta ga hanyar. Mu kuwa tun da wuri muka gane amfanin wannan. Kaka na rufe ido hannuwa huɗu za su miƙa kan raga. Ni ce babba, ni ce gwana, na san daidai tsawon maganar, na san lokacin da zan haɗiye in goge baki in shirya amshi. Shekara da shekaru ina zaune kusa da gwiwarta fiye da kowa, kuma a duk lokacin da take faɗin abin da ya fi komai muhimmanci ina fama da ƙayar kifi.

Ina da shekara bakwai ko takwas aka ce za a rufe dam na Kainji, ruwa zai hau. Babana yana can tun farkon aikin, lebura ne, yana ɗaukar siminti. Aka kwashe mu daga gungu aka kai mu sabon matsuguni a kan tudu, wajen Wara, cikin gidajen bulo da suka yi kama da juna har yara na shiga gidan maƙwabta bisa kuskure. Aka ɗauko tukwane da awaki da turame. Kaburbura ba a ɗauko su.

Ruwan bai zo da gudu ba, a hankali ya riƙa hawa har kogin ya zama tafki. Kullum da sassafe Kaka takan ɗauki filafilin tuƙi ta shiga ƙaramin jirginta ita kaɗai, ba ta dawowa sai la'asar, tafin hannunta duk ya kumbura. Innata ta yi faɗa har ta gaji. Wata rana Kaka ta dawo ta jingine filafilin a bango ta ce, "Tsamiya ta nutse yau." Ta tafi ta yi alwala.

Daren nan ta yi mana Kande, sai na lura maganar ta canza, ta kuma ƙara tsawo. Duwatsun cikin kogi duk sun tafi ƙarƙashin ruwa, don haka ta daina ambatonsu. Ashe abin da take yi a tafkin ke nan: takan tsayar da jirgi a kan tsamiyar, ta dubi tsaunukan gabas da na yamma waɗanda ruwa ba zai kai gare su ba, ta auna wanne ke bayan wanne, wanne ke daidai kafaɗarta. Ta sake gina hanyar da abin da ba ya nutsewa, ta sa a bakin Kande. Ni dai abin da na gani shi ne an ƙara mini lokacin cin kifi, an kuma nisanta ni da wurin tafi.

Na ce, "Kaka, ki bar surutun nan mana, ki koma waƙa."

Ta buɗe ido ta gan ni da wutsiyar kifi a baki. Na ɗauka zan sha ranƙwashi, amma ba ta taɓa ni ba. Ta ce, "Hajo, waƙa don ku zamna nika yin ta. Magana ita ad dalili. Ran da nim mutu, in babu mai riƙe da ita, kakanki ya ɓace, da shi da ɗiyana. Buɗe kunnenki, in sake."

Ta sake daga farko. Na gyara zama, na yi fuskar mai saurare, ina gyaɗa kai a inda ya dace. Da ta gama ta ce, "Kin riƙe?" Na ce na riƙe. Ta yi murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba tun da muka baro gungu, ta zaɓo kifi mafi girma a ragar ta miƙo mini da hannunta. Har yau in na tuna kifin nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Ta ci gaba da yin Kande har ƙarfinta ya ƙare, ni kuma na ci gaba da gyaɗa kai. Daga baya aka kai ni makaranta a Yelwa, Gungancin da nake ji ya riƙa zubewa. Ina can ta rasu. Aka binne ta a maƙabartar sabon gari, a busasshiyar ƙasa mai tsakuwa, nesa da mijinta.

Babana bai taɓa zama wurin tatsuniya ba. Namiji ne babba, kuma tun da ya dawo daga aikin dam ba ya son a yi zancen gungu a gabansa. Sai bayan shekaru da yawa, ina da nawa 'ya'yan, ya tsufa idonsa ya yi rauni, ya aika a kira ni. Na same shi zaune a kan buzunsa. Bayan mun gaisa ya ce, "Hajo, da hannuna nid ɗauki simintin da anka toshe Kwara da shi. Ina so in tsaya bisa kan Baba in yi mai addu'a, in roƙi gafara, tun ban bi shi ba. Inna ta ce man ta bar hanya ga bakinki."

Da na faɗa masa gaskiya a nan take da ya fi. Amma na yi tunanin in na ga ruwan, na ga tsaunukan, na ɗauko waƙar daga farko, maganar za ta biyo da kanta. Ai na ji ta ba adadi. Na ce, "To, Baba."

Muka ɗauki jirgin inji a Wara da hantsi, ni da shi da mai jirgin. Da muka yi nisa har gaci ya zama siririn layi, na ce a kashe injin. Tafkin ya yi shiru. Na ɗauki waƙar, ta fito cif, ko harafi bai ɓace ba, har da 'yar karkarwar da Kaka ke yi a kan "tuwo ya huce". Baba ya sunkuyar da kai. Na kai tsakiya, na tsaya, na rufe ido kamar yadda take yi.

Babu komai. Abin da ya zo mini guntaye ne: "ka bar shi ga hannunka na hagu", ban san mene ne za a bari ba. "In ɗaya ya ɓuya bayan ɗaya", ban san waɗanne biyu ba. Akwai wani suna na Gunganci da na ji ƙarshensa kawai. Na buɗe ido na dubi yamma, tsaunuka biyar ko shida, kowanne na iya ɓuya bayan ɗan'uwansa in ka matsa kaɗan. Abin da na tuna sarai, ba tare da ko ɗigon shakka ba, shi ne ɗanɗanon kifin da zafinsa a yatsuna.

Mai jirgi ya ce, "Hajiya, ina muka nuha?"

Na nuna wani wuri da hannu. Ya tuƙa da filafili kamar tsawon zuwa masallaci daga gida, na ce ya tsaya. Na ce, "Nan ne, Baba."

Ya lallaɓa ya sa hannunsa cikin ruwan har gwiwar hannu. Ya yi Fatiha, ya yi addu'a mai tsawo, ya kira sunan ubansa, ya kira sunayen ƙannensa uku waɗanda ni ban ma san su ba sai ranar. Ya yi kuka irin na tsofaffi, marar sauti. Ni ina zaune a bayansa ina duban ruwan da ban san me ke ƙarƙashinsa ba, ko gonar albasar wani ce, ko tsohon kwarin kogi.

Muka juyo har muka kusa gaci. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Inna takan daɗe wurin maganag ga. Daga ɗaki nika jin ta. Ke ba ki daɗe ba." Bai sake tayar da zancen ba har ya rasu a daminar da ta biyo.

Na tambayi malamai, sun ce addu'a tana isa ga mamaci daga ko'ina aka yi ta, kuma na gaskata. Amma ba wannan Baba ya roƙe ni ba, ba kuma wannan Kaka ta ba ni kifi a kansa ba. Na nemi sauran jikokin, ɗaya ta rasu, biyun suka yi dariya suka rera mini "juyo, juyo". Na bi tsofaffin gungunmu da suka rage, kowa ya san akwai tsamiya, babu wanda ya tsaya a kanta ran da ta nutse. Mutum ɗaya ce ta yi wannan, kuma mutum ɗaya ta damƙa wa hanyar.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar Kande tana koyar da cewa wanda ya ɓata yana dawowa in ana kiransa. Yanzu na gane dorinar nan ba Kande kaɗai take yi wa magana ba. Waƙa takan sa a yi kewa, a yi hawaye, a taru. Tana kuma da sauƙin ɗauka, shi ya sa ita ce ta rage mini. Abin da zai kai mutum gida yana cikin ɓangaren nan marar daɗi, mai tsawo, wanda ake faɗa da murya mai kaushi. Har yau in ina jin rediyo mawaƙi ya sassauta kiɗa ya shiga magana, sai in ɗaga hannu in hana kowa motsi, ko da gaisuwa kawai yake yi. Yaran gidan suna ganin tsufa ne.

Jikokina suna son Kande. Nakan yi musu ita a tsakar gida bayan magariba, ba murhun banda, ba kifi. In na kai tsakiya nakan tsaya in rufe ido, in yi shiru daidai tsawon da Kaka ke ɗauka, don tsawon kam na riƙe shi. Ina sauraro ko wani abu zai dawo. Bai taɓa dawowa ba. Kafin in kai rabi ƙaramarsu, wadda aka sa wa sunan Dije, takan girgiza mini gwiwa ta ce, "Kaka, me kike jira? Ki koma waƙa."