Alwala Ɗaya Daga Asuba Zuwa La'asar

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, yau dai na ce gara in faɗa ko wata za ta tsira.

Lokacin da abin ya faru shekaruna sun ɗan haura talatin, ina suyar awara a bakin tashar Kongolam. Kullum daga Daura nake hawa mota da sassafe, in hura wuta, ba na tashi daga gaban kasko sai bayan La'asar. Ni mace ce mai ji da kanta, kuma abin da na fi taƙama da shi a lokacin shi ne alwalar da na yi a gida da Asuba, da ita nake sallar Azahar, da ita nake La'asar. Matan layinmu har kirari suke mini, wai ni ba a ganina da buta. Gaskiyar da ban taɓa faɗa musu ba ita ce, ban-ɗakin jama'a da ke wurin ɗaya ne tak, yana bayan rumfar da direbobi ke zama, sai ka ratsa ta gabansu riƙe da buta suna binka da ido. Ni kuwa na ga mutuwa ta fi mini wannan sauƙi. Sai na nemo dabara: in ban sha ruwa ba, babu abin da zai tashe ni.

Akwai wata Madam, Inyamura, mai shagon kayan gyaran babur a bayana, ta shekara da shekaru a wurin, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibiya. Ta fi kowa damuna da maganar ruwa. Ta sha miƙo mini ledar ruwa mai sanyi ina cewa na ƙoshi. Har makullin ban-ɗakin bayan shagonta ta ba ni, na mayar mata, na ce mata mu ba haka muka taso ba. A raina cewa nake me ta sani game da alwala da za ta koya mini. Yau in na tuna amsar nan haushin kaina nake ji kamar in mari kaina.

Da bazara ta kankama, rana sama, wuta ƙasa, gumi ya riƙa jiƙa mini riga har ta bushe ta bar farin zane kamar an barbaɗa gishiri. Ashe gishirin ne kuwa, na jikina. Ciwon kai ya fara, sai jiri, sai ƙafafuna su ɗaure da yamma in kasa miƙe su. Fitsarina ya koma ɗan kaɗan, launinsa kamar shayin da ba madara. Maimakon in gane, sai na tafi kemis na sayo maganin ciwon jiki mai ƙarfi, ina afa biyu da safe da kurɓi ɗaya na ruwa, kada ya yi yawa. Mahaifiyata ta ce na rame, idona ya faɗa. Na ce mata zafi ne, kowa ma haka yake.

Ranar da jiki ya gaya mini, ina cikin juya awara na lura gumin ya tsaya cak, fatata ta bushe tana zafi, har na ji daɗi na ce yau na huta. Ban ƙara sanin komai ba. Daga baya aka ba ni labarin cewa gefe na faɗi, Allah Ya tsare ban kifa cikin mai ba. Madam ce ta janye ni inuwa, ta kwance mini ɗankwali, tana zuba mini ruwa tana fifita, ta hana wata da ke son ɗura mini lemo a baki ina sume. Direbobin nan da nake gudun idonsu, su ne suka ɗauke ni kamar buhun gero suka sa a mota, suka kai ni asibiti a Daura.

Kwana shida na yi ana ƙara mini ruwa. Likita ya ce ƙodata ta taɓu, rashin ruwa da maganin nan ne suka haɗu mata, saura ƙiris a fara maganar wankin ƙoda. Nas ta yi mini bayanin cewa gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishirin jiki, shi ya sa ƙafa ke ɗaurewa, kuma mai aikin zafi irina ban da ruwa a kai a kai yana buƙatar haɗin gishiri da sukari na leda, wanda nake zaton na yara masu gudawa ne kawai. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar kawuna, wanda malami ne. Da na ce masa alwala nake riƙewa, ya dube ni ya ce, “'Yar nan, wa ya aike ki? Salla da matsin fitsari ma ai makaruhi ce.”

Ashe ko ladan da nake tsammani ban tabbata na samu ba, wahala kawai na sha da sunan addini, alhali kunya ce da girman kai.

Yanzu likita ya hana ni tsayuwa gaban wuta, kaskona yana jingine a madafa, ina zuwa gwajin jini lokaci zuwa lokaci da faɗuwar gaba. Da na sani ƙeya ce. 'Yan'uwana mata masu sana'a a tasha da kasuwa, na san da yawanku irin dabarata kuke yi. Ku sha ruwa tun kafin ƙishi ya kama ku, ku duba launin fitsarinku, in yana duhu jiki ne ke kuka. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ta tambayi likita kafin ta sha haɗin gishiri. Ku kuma shugabannin tasha, ku ji tsoron Allah ku keɓe wa mata wurinsu. Alwala in ta karye buta ɗaya ta ishe ki sabunta ta, ƙoda kuwa ni da nake bin layin asibiti na san ba a sayar da ita a kemis.